Sintirin Dogo

"Lafiya lau, sai dai gajiyar hawa wannan benen naka. Ina wuni, tsohon miji?"

"Da ban wuni ba kya gan ni? Wa ya ce ki zo nan?"

Ɗakin taron mazan jiya ne, a saman wani tsohon bene, bisa shagon tela da na mai gyaran rediyo. Doguwar baranda ta bi gabansa tun daga bakin matakala har bangon ƙarshe. Tagoginsa na gilashi ne mai dishi-dishi, irin wanda haske ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa. A ciki akwai tebur ɗaya, da kujerun ƙarfe, da hotunan maza cikin kaki waɗanda rana ta cinye fuskokinsu, sai huluna da kafaɗu suka rage. Da can ɗakin kan cika duk ranar taro. Yanzu mutum ɗaya ya rage, wani tsohon saje, wanda har yau yake zuwa ya buɗe, ya share, ya zauna.

Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar 'yarsa. An ɗauke ta aikin soja, ƙarshen mako za ta tafi horo. Kowa a gida ya sa mata albarka, har mahaifiyarta da ta sha kuka kafin ta yarda. Shi kaɗai ya ƙi cewa komai. Da safe ya aike ta ta sayo masa kwaɗon rufe ƙofa.

"Cewa na yi ki ajiye min a gida," in ji Saje.

"A gida ai guje min kake yi. Da ka ji takuna sai ka ja bargo ka kama minshari. Ga kwaɗonka." Ta dire shi a kan tebur.

Ya ɗauka, ya juya, ya kai shi dab da ido. "Wannan ne kwaɗo? Na aike ki kwaɗo kin kawo min jikan kwaɗo. Wannan ko akwatin 'yan kunne ba zai tsare ba."

"Mai shagon ya ce ko guduma ba ta fasa shi."

"Mai shagon ya ga yarinya mai manyan idanu da ƙaramin kai."

"To me za a sata a nan? Kai? Wanda ya sace ka, kafin ya kai ƙasan bene zai dawo da kai, ya haɗa da ban haƙuri."

"Kishi ke cin ki. Kin san matan unguwar nan layi suke yi a kaina."

"Layin asibiti dai, ku karɓi maganin ciwon gwiwa tare."

Ya kamata ya yi dariya a nan, don haka suka saba. Sai ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya ajiye kwaɗon a hankali.

"Ba don ɓarawo na ce a sayo ba. Ƙofar na sake tararwa a buɗe. Tsohon kwaɗon yana rataye, ba a fasa ba, ba a lanƙwasa ba, a buɗe kawai kamar an sa makulli. Makullin kuwa ɗaya ne, ga shi a wuyana."

"Mantuwa ce, tsoho. Kai da ka nemi tabarau jiya yana kan hancinka."

"Kujerun ma mantuwa ce ta jera su?"

Sai a lokacin ta lura. Kujerun suna jere sahu-sahu, a miƙe kamar an ja zare, kuma ba tebur suke kallo ba. Ƙofa suke kallo.

"Ni a jikin bango nake tara su," ya ce. "Kin kawo saƙo, an gode. Kama hanya, hadari na haɗowa."

"Ba inda za ni." Ta jawo kujera ɗaya daga sahun, ta juya ta, ta zauna tana fuskantarsa. "Yau sai ka sa min albarka, ko ka faɗa min abin da na yi maka."

"Albarkar me? Ke da ko ma'anar sunan da za a kira ki da shi ba ki sani ba? To bari mu yi haka. Zan tambaye ki kalmomin bariki. Da kin faɗi ɗaya, ki tashi ki tafi gida. Menene kurtu?"

"Sabon shiga soja. Kalmar Turawa ce, bakin kakanninku ya kasa ɗaukarta, ya tauna, ya tofar da rabi."

"Ƙarya kike yi. Kurtu ɗan ƙoƙon tawada ne. An yi wa sabon soja aski ƙwal, aka duba kan, ga shi zagaye, ga santsi, ba komai a ciki sai abin da aka zuba. Aka ce ai wannan kurtu ne."

"To kai naka me ya sa har yau ba a zuba komai ba?"

"An zuba, ke ce kika sha min shi da surutu tun kina goye. Saje fa?"

"Ita ma tasu ce."

"Ina! Daga gashin nan na gefen kunci aka samo ta. A zamaninmu ba a yi wa mutum saje sai sajensa ya sauko har haɓa. Ni nawa sai da aka yi masa kitso ranar fareti, don kada in taka."

"Yanzu ina ya tafi?"

"Kakarki ta tsige shi da ɗaiɗai, don ta ga mata na kallona."

"Allah ya jiƙan kakata, ta yi aikin lada. To ni ma bari in tambaya. Me ya sa ake ce wa alamar hannun riga igiya?"

"Don da ita ake ɗaure mutum. Igiya ɗaya, an ɗaure maka ƙafa, ba ka da ikon gudu. Igiya biyu, an ɗaure maka hannu. Igiya uku, an ɗaure maka baki, abin da ka gani ka haɗiye."

"Naka bakin kam ya tsinke igiyar tuntuni. An ce saura ƙiris ka zama samanja, sai aka kai ka kicin aka gano ko manjan ba ka iya sawa ba."

"Ke! Wa ya faɗa miki wannan?"

"Kuma kake ta hura hanci wai soja ba aikin mata ba ne, alhali manyanku duk sunan mace suke amsawa. Hafsa. Hafsoshi. Kana ganin hafsa sai ka ƙame kana sara mata."

Wannan karon dariyar ta ƙwace masa. Ya yi ta har ta koma tari, ya dafa tebur, ya share ido da bakin hularsa. Ya manta da taga, ya manta da hadari.

"Ja'ira," ya ce. "Amma ban taɓa cewa ba aikin mata ba ne. Cewa na yi ba aikinki ba ne."

"Don me?"

Iska ta buga tagogin sau ɗaya, ta tsaya. Ƙwan fitilar da ke rataye a tsakiyar ɗakin ya yi ja, ya mutu. Duk da la'asar ba ta daɗe da yi ba, ɗakin ya yi duhu kamar an rufa masa zane. Daga ƙasa suka ji tela yana jan ƙofar ƙarfen shagonsa, ya tada babur, ƙarar ta yi nisa. Sai ruwa ya sauko, mai nauyi, a miƙe.

Saje ya saurari ruwan. Fuskarsa ta canza.

"Kin ga abin da nake gudu. Yanzu kuma ba ki da hanyar fita." Ya yi ajiyar zuciya. "To saura ɗaya. Sintiri."

"Mai sauƙi. Ita ma ta Turawa ce. Sojan da aka tsayar gadi a bakin ƙofa."

"Aka tsayar. Da bakinki kika faɗa. A bakinsu mutum ne a tsaye wuri ɗaya. To da ta shigo bakinmu me ya sa ta kama tafiya? In an ce wane yana sintiri, ai kai-komo yake yi. Wa ya ɗaga ta daga inda aka tsayar da ita?"

Ta harare shi. "Sai ka ce kalma ƙafa gare ta."

"Wannan kam ƙafa gare ta. Manya, cikin takalmin soja."

"Fara ƙaryar, ina ji."

"Doka ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wanda aka tsayar gadi ba ya barin wurin sai an zo an karɓe shi. Ko ruwa ake, ko wuta ake, ko an aiko gidansu ya rushe. Sai wani ya zo ya tsaya a gabansa ya ce na karɓa. Muna da wani, Dogo muke ce masa. Rana ɗaya aka yi mana aski. Mutum ne shiru-shiru, in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya. An tsayar da shi a bakin wata gada da tsakar rana. Sai aka buɗe mana wuta daga ƙetaren kogi, igwa ta ko'ina, ƙasa na tashi sama. Umarni ya zo a ja da baya. Hafsan da ya tsayar da shi yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Wanda ya kamata ya karɓe shi kuma an kwashe shi ba ƙafa ɗaya. Da abin ya lafa muka dawo, muka same shi a inda aka tsayar da shi, jingine da ƙarfen gada, bindiga a hannu, ido a buɗe yana kallon hanya."

"Allah ya jiƙansa," ta ce.

"Amin. Mun yi masa sutura, mun binne shi. Amma ba wanda ya ce masa an karɓe ka. Tsayuwa ta gagare shi, tafiya kuma ba izini. Sai kai-komo. Haka kalmar ta koyi tafiya."

"Na kama ka. Ai kalmar ta girmi Dogo. Tun kafin a haife ku ake cewa sintiri."

Ya ɗago ya dube ta. "Kina tsammani shi ne na farko da aka bari a bakin gadi?"

Ta ji tsikar jikinta ta tashi tun daga wuya har gwiwar hannu. Ta gyara ɗankwali don kada ya gani.

"Kaka, wanda ya mutu ya mutu."

"Na sani. Na fi ki jin wa'azi. Sai dai kunnena bai yi karatu ba. Da muka kama ɗakin nan, ruwan farko da aka yi muka ji shi a baranda. Lokacin muna da yawa, sai abin ya zama raha. Da hadari ya haɗo sai wani ya ce, Dogo zai kama aiki. Direbanmu har shayi yake ajiye masa a bakin taga. Aka yi ta raguwa, yau a ɗauke wannan, gobe a ɗauke wancan. Yanzu in ya wuce, ba mai taya ni dariyar."

"Wallahi da ana ba da igiyar ƙarya, da hannun rigarka ya cika har..."

Ba ta ƙarasa ba.

Da farko ta ɗauka ɗigar ruwa ce daga fasasshen indararo. Amma ɗigar ruwa ba ta da dunduniya. Taku ne, mai nauyi, a natse, daga bakin matakala. Ƙwas. Ƙwas. Ya biyo baranda. Da ya zo daidai tagar farko, ɗan hasken da ke ratso gilashin ya dushe tun daga ƙasa har sama, sannan ya dawo. Haka a taga ta biyu. Ya wuce ƙofa, ya kai bangon ƙarshe. Aka buga ƙafa da ƙarfi, aka juya. Takun ya kamo hanyar dawowa.

"Tela ne," ta ce da raɗa. "Ya manta almakashi."

"Tela silifas yake sawa."

"Mai rediyo ne."

"Mai rediyo ɗingishi yake yi, kuma yau bai buɗe ba."

"To wani ka sa don ka tsorata ni in fasa tafiya."

"Da ina da wanda zan sa, da kin same ni ni kaɗai?"

Ta matso da kujerarta kusa da tasa har ƙarafan suka haɗu.

"Ina za ki hau, cinyata?" ya ce, amma muryar ba ta fita sosai ba. "Sojan gwamnati guda."

"Matsowa na yi kada ka suma ka fasa kai, a ce ni na kashe miji."

Takun ya kai bakin matakala. Aka buga ƙafa. Aka juya.

"Me ya sa ba ku karɓe shi ba, duk yawanku?"

"Mun gwada. Samanjanmu, kafin ya rasu, ya sa tsohon kakinsa, ya fita barandar nan ana ruwa, ya daka tsawa irin ta filin fareti. Atanshan, abautan, dismis, duk abin da ya sani sai da ya faɗa. Takun ya tsaya ya saurara, sannan ya ci gaba. Mu an sallame mu. Wanda aka sallama ba ya karɓar gadi. Sai wanda yake cikin aiki."

Ta juyo ta dube shi. Ya kauda kai.

"Da can iyakarsa baranda," ya ce. "Bai taɓa taɓa ƙofa ba. Tun makon da aka ɗauke ki nake tarar da ita a buɗe. Wanda ya karɓi gadi kuma, shi ke tsayawa a wurin. Kin ji abin da ya sa bakina ya yi nauyi. Ina kallonki, ina ganin gada."

Takun ya wuce tagar farko. Ya wuce ta biyu. A wannan karon bai zarce bangon ƙarshe ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Da ma ƙofar ba a rufe take ruf ba. Ta ɗan motsa, ta yi ƙara siririya, ta ƙara buɗewa kamar faɗin tafin hannu. Ta wannan tsagar ba a ganin komai sai farin ruwa yana zuba bayan ƙarfen baranda. Amma wani sanyi ya shigo, da wari irin na jiƙaƙƙen kaki da laka ta bakin kogi. Kujerun nan da ke jere suna kallon ƙofar, sai ta ga kamar ba a banza suke kallonta ba.

Saje ya damƙe wuyan hannunta. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Kada ki ce na karɓa," ya ce a kunnenta. "Ko da wasa. Komai za ki ce, ban da wannan."

Ta so ta yi shiru. Ta yi addu'ar da ta zo bakinta, ta maimaita. Shirun ya yi tsawo, wanda ke bakin ƙofar kuma bai tafi ba, bai shigo ba. Jira yake yi. Ta dubi kakanta, ta ga leɓensa na rawa, mutumin da ba ta taɓa ganin ya ji tsoron komai ba sai allura. Ta tuna haka yake zama a nan shi kaɗai duk ranar ruwa, ya koma gida ya ce musu taro ya yi kyau.

Ta zare hannunta, ta miƙe. Ba ta san yaren fareti ba, in ban da lef-rai da yara ke yi a layi. Sai ta yi abin da aka koya mata tun tana ƙarama in babba ya tsaya a ƙofa. Ta taka har gaban sahun kujerun, ta rusuna.

"Sannu da aiki, Baba Dogo. Sannu da tsayuwa."

Ba amsa, sai ruwa.

"Ni jikar abokinka ce. Ban zo karɓar komai ba, ko kaki ba a ba ni ba tukuna. Labari na kawo maka." Ta waiga. "Kaka, gadar tana nan?"

"An rushe ta," ya ce da ƙyar. "An gina wata a ƙasa da ita."

"Ka ji, Baba. Gadar ma an rushe ta. Yaƙin ya ƙare tun kafin a haifi mahaifiyata, ga ni ni ma na girma har na fi ta tsawo. Ba sauran abin tsaro a wurin. Abokanka duk sun je sun huta, saura wannan tsohon mai taurin kai, shi kuma muna da yawa a kansa a gida, ba abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta. Ka yi aikinka, ba ka gudu ba, kowa ya shaida. An gode. Ka je ka huta haka nan. Allah ya jiƙanka da rahama."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Ta tsaya a rusune, kanta a ƙasa.

An daɗe ba motsi. Sannan suka ji wani sauti a hankali, kamar an jingina abu mai nauyi a jikin bango. Takun ya ɗaga. Amma ba irin na ɗazu ba ne. Ba a buga ƙafa ba, ba a juya irin ta fareti ba. Jan ƙafa ne, na mutumin da ya gaji matuƙa. Ya wuce taga, ya wuce ɗaya tagar, ya kama matakala. Suka ji shi yana sauka sannu a hankali, har ƙarar ruwa ta haɗiye shi.

Ta lallaɓa ta leƙa. Baranda wayam. A kan simintin da ruwa bai kai ba akwai wasu manyan jiƙaƙƙun tabo da suka nufi matakala. Ba ta sunkuya ta duba ba. Ta dawo ta zube a kujera.

Saje yana zaune baki buɗe, hawaye na bin kuncinsa, bai damu ya share ba.

"Shekara da shekaru," ya ce, "muna yi masa tsawa da yaren da shi kansa bai taɓa ganewa sosai ba. Dogo fa, lef da rai sai da aka shafa masa alli a takalmin hagu. Mu duka, da igiyoyinmu, ba wanda ya yi tunanin ce masa sannu."

Can ruwan ya fara sassautawa. Haske ya ɗan dawo a tagogin. Ya jawo hularsa ya goge fuska, ya yi gyaran murya, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ji yadda gwiwarki ke kaɗawa. Haka za ki tsare ƙasa? Abokan gaba su ɗauka ganga ake yi musu."

"Wa ya riƙe min hannu har ya bar shaida? Duba nan. Yatsu biyar cif."

"Na riƙe ki ne kada ki ruga ki ba ni kunya a gaban abokina."

"Kuka fa?"

"Rufin ne ke yoyo."

"A kan fuskarka kaɗai?"

"Tsohon rufi ne, ya san mai shi."

"To ya maganar sintiri? Na faɗi ne in tafi gida, ko kuwa?"

Ya kalle ta. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta taso masa tun daga ciki, mai haɗe da sauran kuka.

"Kin ci ni," ya ce. "Na tambaye ki inda kalma ta samo ƙafa, ke kuma kin sallame ta gida. Kin ci ni, 'yar nema."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo jakarsa, ya lalubo wani ƙunshi a leda, ya jefa mata a cinya. Ta kwance. Safa ce mai kauri, sababbi fil, har da ɗaurin shago a jiki.

"Ba bindiga ke fara kayar da kurtu ba," ya ce. "Takalmi ne. Ki riƙa sa biyu-biyu, ki wanke da kanki, kada ki ara wa kowa."

Ta juya safar a hannunta. "Yaushe ka sayi wannan?"

"Ranar da aka ɗauke ki."

"Ashe tuntuni ka yarda, kake ta wahalar da ni!"

"Wa ya ce don ke na saya? Amaryar da zan yi in kin tafi na saya wa. Sai aka auna aka ga duk garin nan ba mace mai faɗin ƙafa irin wannan sai ke."

"A wurinka na gado."

"Matso nan, marar kunya."

Ta durƙusa a gabansa. Ya ɗora tafinsa a kanta. Yanzu hannun ya yi ɗumi.

"Allah ya yi miki albarka, Kurtu. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. Duk inda aka tsayar da ke, Allah ya sa a zo a karɓe ki."

"Amin," ta ce, kanta a ƙasa. Ta daɗe a haka kafin ta miƙe, ta cusa safar a jaka, ta miƙa masa hannu. "Tashi mu tafi, tsoho. Riƙe ni da kyau a matakala, akwai santsi."

"Ki dai ce tsoro kike ji ki sauka ke kaɗai."

"Eh, ina ji. Kai fa?"

"Ni ma," in ji Saje, ya kama hannunta yana dariya.